Matan Da Saude Mai Daddawa Ta Kai Rajista

Saude ba ta yi boko ba, kuma har ta haura shekara hamsin babu wanda ya taɓa kiranta wani taro in ba na suna ko na biki ba. Abin da aka san ta da shi, tun daga ƙauyukan Kurawa har cikin Sabon Birni, daddawa ce. Ita ke dafa kalwarta, ta surfe, ta wanke, ta rufe ta kwana uku, sannan ta kirɓa ta shanya a tabarma. Ranar kasuwa fatake su kwashi rabi, sauran ta ɗora a ka ta bi gida gida. Da haka ta san kowane zaure da kowane tsakar gida. Ta san matar da ke da ciki tun dangin miji ba su ji ba, ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba jiya. Ko magidantan da suka fi kowa kulle ba sa hana ta shiga.

Asalinta 'yar wani ƙaramin ƙauye ce a gefen Kurawa. Can ta yi aure, can ta haifi tara, biyar suka rayu. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, suka iske mijinta Is'haƙa a gonar gero, suka harbe shi don ya ƙi sakin shanun huɗa. Ba ta daɗe da fita takaba ba autarta Sadiƙa, wadda ta dawo gida goyon ciki, ta fara naƙuda. A makon nan babu mai mota ko mai babur da ya yarda ya hau hanya. Kwana biyu Sadiƙa tana fama, uwar tana riƙe da kanta a cinya. A rana ta uku aka ɗora ta a amalanke aka ratsa gonaki da ita har Sabon Birni. An ciro ɗan ba rai. Sadiƙa ta tashi, amma fitsari ya daina tsaya mata. Mijinta ya ce ta zauna wajen uwarta ta yi jinya, daga nan bai sake leƙowa ba.

Ba su koma ƙauye ba. Wani ɗan'uwan marigayin ya ba su ɗaki guda a bayan gidansa. Shekara biyu Sadiƙa ba ta fita ko gaisuwar mutuwa. Saude kuwa kullum a ƙofar ɗakin take shanya daddawarta, da gangan, don duk wanda ya ji wari ya ɗora wa daddawa.

Ana haka wasu likitoci suka zo aikin kyauta na mako biyu. Shugabarsu wata mace ce doguwa, Dakta Rahmatu, ita ta yi wa Sadiƙa aiki da hannunta. Kwana goma sha huɗu bayan nan aka cire mata robar fitsari, Sadiƙa ta kwana ta tashi tabarmarta a bushe. Abin da ya fi tsaya wa Saude a rai ma ba aikin ba ne. Ranar da likitocin za su tafi, Dakta Rahmatu ta cire takalmi ta zauna a ƙasa cikin matan da ke jinya, ta ce kowace ta faɗa mata kwana nawa ta yi tana naƙuda, kuma me ya hana ta isowa asibiti. Kusan duk amsarsu ɗaya ce: hanya. Likitar ta rubuta, idonta ya yi ja, ba ta yi musu alkawarin komai ba.

Bayan shekara biyu siyasa ta kankama. Wata safiya Muntaka, shugaban wata jam'iyya a mazaɓarsu, ya yi sallama da Saude. Da can ko gaisuwa ba ta cika haɗa su ba, amma ranar har ƙasa ya durƙusa.

"Inna Saude, kin ji labari? Likitar da ta yi wa ɗiyarki aiki ta shiga jam'iyyarmu. Ɗan takararmu na shugaban ƙasa ya ce mace za ya ɗauka mataimakiya."

"Mataimakiya ta mi?"

"Ta ƙasa baki ɗaya, Inna. In shi ba ya nan, ita ta."

"Da bakinai ya faɗi?"

"Da bakinai, a rediyo. Kuma duk inda ya tahi tana gefenai. Kowa ya san wadda yaka nufi."

Abin da Muntaka yake so shi ne mata su fito su yi rajistar katin zaɓe, kuma ya san babu wanda zai iya shiga gidajen kamar Saude. Ya ce daga yau ita ce shugabar mata. Saude ba ta tambaye shi abin da za a ba ta ba. Ta ce masa, "In dai wagga likita ta, za ni yi."

Wata uku ta yi tana yawo. Ba ta san sunan jam'iyyar da kyau ba, ba ta kuma damu da ɗan takarar ba. Magana ɗaya take kai wa mata: akwai wadda ta ga abin da hanya ke yi mana, ta zauna ƙasa ta ji da kunnenta, yanzu ga ta za ta kusanci inda ake yanke hukunci. Matan da suka binne jarirai saboda rashin mota ba su buƙaci dogon bayani ba. Da maza aka sha fama. Wasu suka ce mace ba ta shugabanci, ta ce musu ai ba kujerar aka ce za a ba ta ba, gefen kujerar ne. Wasu suka yi mata dariya. Duk da haka sai da ta kai mata sama da ɗari uku wajen rajista, wasunsu ba su taɓa tsayawa gaban abin ɗaukar hoto ba.

A ƙauyen Unguwar Lalle akwai Maimunat, mai 'ya'ya uku, ɗiyar wata ƙawar Saude da ta rasu. Mijinta Malam Kalilu mutum ne mai sanyin hali, bai ce haram ba, bai ce komai a kan likita ba. Abu ɗaya ya riƙe.

"Inna, hanya ba ta da kyau. Ki bari."

"Don hanyar muka yi, Malam. In ba mu hita ba, haka za ta tabbata."

Sau uku tana komawa. A na ukun ya ce, "To, amana ta na ba ki."

Ranar Talata Maimunat da mata shida suka hau a-kori-kura zuwa Sabon Birni. Saude ta tarbe su, ta tsaya har aka ɗauki hotonsu da yatsunsu, ta saya musu ƙosai, ta raka su tasha da la'asar. Ba su yi rabin hanya ba 'yan bindiga suka fito daga cikin dawa. Direba ya tsere da harbi a kafaɗa. Mata huɗu suka ɓuya a gona, aka kora uku daji, da Maimunat a ciki.

Kwana goma sha tara da faruwar wannan, Maimunat tana can hannunsu, aka sanar da mataimaki. Saude tana tsakar gida tana wanke kalwa, rediyon maƙwabta ya faɗi sunan wani attajiri, tsohon ɗan majalisa. Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta tsame hannunta ta nufi gidan Muntaka ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba.

Ta same shi a zaure da ɗaurin atamfa jibge a gefensa, an buga fuskokin maza biyu a jiki. Wato an daɗe da sanin zancen, tun da har an kai ga buga zane.

"Manya sunka zauna, Inna," in ji shi. "Sunka duba, sunka ga ƙasa ba ta kai nan ba tukuna. In anka sa mace, maza ba su zaɓe."

"Cikin manyan da sunka zauna akwai mace?"

"Inna, siyasa ta."

"Na ce akwai mace?"

Muntaka ya sauya magana. Ya ce ita likitar ma ta haƙura, an ba ta shugabancin kwamitin mata. Ya tura mata atamfar da ƙafa, ya ce a raba wa matan da suka yi rajista, kowane turmi ɗaya tsakanin mutum biyu, sabulu da taliya suna tafe. Saude ta dubi zanen ta ce, "Wanne za ni kai wa Malam Kalilu, ya lulluɓe ɗiyanai da shi?" Ta fita ta bar shi nan.

Da yammacin ranar ta ji muryar Dakta Rahmatu a rediyo, tana roƙon mata su yi haƙuri su bi abin da jam'iyya ta yanke. Muryar ce dai, amma a hankali take fita, kamar mai karanta abin da aka rubuta mata. Sadiƙa ta yi kuka. Saude ba ta yi ba, ta dai kasa cin tuwo.

Malam Kalilu ya sayar da gonarsa da ɗan abin da yake kiwo kafin aka sako matarsa. Kwananta hamsin da biyu a daji. Saude ta tafi Unguwar Lalle washegari. Ta same ta kwance a ɗaki, ƙafafu sun kumbura, wuya kamar a ƙirga jijiyoyi. Suka gaisa, Saude ta kasa haɗa ido da ita. Maimunat ce ta kamo hannunta.

"Inna, an ba ta?"

"Wa?"

"Likitarmu. Can daji ni ka ba sauran mata haƙuri. Ina ce musu ku daure, akwai mace tahe wadda ta san halin da muke ciki. Har wata 'yar garin Isa ta riƙe sunanta tana sa ta addu'a."

Saude ta so ta ce ana nan ana magana. Bakinta ya ƙi. Ta ce, "Ba a ba ta ba, ɗiyata. Namiji sunka ɗauka."

Maimunat ta saki hannun. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta juya fuskarta bango. Da Saude ta fito, Malam Kalilu yana tsaye a zaure. Cikin ladabi ya ce mata, "Inna, na gode da zuwa. Amma don Allah kada ki sake shigo min gida."

Daga nan Saude ta sake bin gidajen da ta bi a da, ba don jam'iyya ba, don ta ba da haƙuri. Wasu matan suka ce ba laifinta ba ne. Wasu suka ce ai dama sun san za a yi haka. Wata tsohuwa ta tambaye ta kai tsaye ko buhu nawa aka ba ta ta sayar da su. Da lokacin karɓar kati ya zo, mafi yawansu ba su je ba, mazansu ma ba su sha wahalar hana su ba.

Ranar zaɓe da hantsi Saude ta je makarantar firamaren unguwarsu. Layin maza ya kai bakin titi, na mata bai wuce inuwar dalbejiya guda ba. Rabin waɗanda suka zo da ƙullin taliya a ƙarƙashin hijabi, na wannan jam'iyya ko na waccan, kowa ya ba su sun karɓa. Sadiƙa ta dangwala wa jam'iyyar da likita take, ta ce ita ba za ta iya juya mata baya ba. Saude ta shiga bayan kwalin da ake dangwalawa ta tsaya da takardar a hannu har ma'aikaciyar zaɓe ta leƙo ta ce, "Baba, in taimaka miki?" Ta ce a'a. Ta ninke takardar yadda aka ba ta, ba ta taɓa ko'ina ba, ta jefa a akwati.

Jam'iyyar ta faɗi. Bayan mako biyu aka kira taro a Sabon Birni don a ji abin da ya jawo. Maza sun cika rumfa, mata biyar a baya kan tabarma. Muntaka ya miƙe ya ce mata ne suka ci amana: an kashe musu zane, an kashe musu sabulu, ranar zaɓe suka zauna ɗaka. Wani dattijo ya karɓe ya ce wannan ya nuna hikimar manya, da an ɗauki mace da an dogara ga waɗanda ba sa fita. Aka yi ta gyaɗa kai.

Saude ta dafa ƙasa ta tashi. Wani ya ce ba a zo kan mata ba tukuna, ba ta kula shi ba.

"Mun hita," ta ce. "Ɗari uku da 'yan kai na kai da ƙafata. Uku sunka kwana hamsin daji don sun hita. Wanda duk ya taɓa zuwa gaishe su cikinku ya ɗaga hannu in gani."

Babu hannun da ya tashi. Shugaban taro ya ce a yi haƙuri a zauna, lokaci ya tafi. Kafin a watse aka naɗa ƙanwar matar Muntaka shugabar mata, aka yi fatiha.

Saude tana nan Sabon Birni har yanzu. Gwiwa ta fara hana ta dogon yawo, don haka ta fi zama a bakin kasuwa. Sadiƙa ta sake aure, ta haifi ɗiya mace lafiya a asibiti. Malam Kalilu, da ya rasa gonar da zai noma, ya kwashe iyalinsa bayan damina suka tsallaka Nijar wajen wani ƙanensa. An ce Maimunat ta warware a jiki, sai dai in ta ji ƙarar babura da yawa takan shige ɗaki ta rufe. Sau biyu Saude tana aika mata gaisuwa da ɗan sabulu ta hannun wani direba. Direban ya ce ya kai, an karɓa, amma ba a ba shi saƙon komai ya kawo ba.