Mama Magdalena, Wadda Ta Hana Maitama Maganin Yangoji

Idan lokacin rabon magani ya zo a Yangoji, tun rana ba ta yi zafi ba za ka hango Mama Magdalena tana bi gida-gida, jaka a kafaɗa, doguwar sanda mai launi-launi a hannu. Da sandar take auna tsawon mutum, ta san ƙwaya nawa ce rabonsa. Yara su yi ɗage don su ƙara tsawo, ta dafa kawunansu ta sauke su. Mata kuwa sai sun kwance gwaggwaro. "Ɗankwalinki ba zai sha magani ba," in ji ta, a yi ta dariya.

Maganin shi ne ibamektin, wanda ake rabawa kyauta saboda makantar rafi, cutar da ƙananan baƙaƙen ƙudaje na bakin ruwa ke sa wa mutum, ta fara da ƙaiƙayi, ta ƙare da rufe ido. Ita ta makantar da mahaifin Magdalena, kuma Magdalena ce ke jansa zuwa coci tun tana yarinya. Da aka nemi masu aikin sa kai, ba ta jira an kira sunanta ba. Ta haura shekara ashirin tana wannan yawo, sai bana gwiwa ta ce ya isa, ta miƙa aikin ga Kauthar, matashiyar da ta daɗe tana koya a wajenta.

Abin da mutane suka fi tunawa da ita ya faru ne a shekarun korona. Saƙon murya ya yi ta yawo a wayoyi cewa ibamektin na kashe cutar, ana ɓoye wa talaka ne kawai. Wata ranar Talata sai ga baƙar mota mai ƙyalli a ƙofar gidanta. Surajo ne ya fito, ɗan maƙwabciyarta Iyatu, wanda ke tuƙa wani attajiri a Maitama, unguwar masu hannu da shuni a cikin birni. Ya durƙusa ya gaishe ta, amma idonsa ya faɗa.

"Mama, oga na kwance, tari da zazzaɓi, numfashi da ƙyar. Ya ƙi asibiti, yana tsoron a killace shi. Matarsa Hajiya ta ce in zo mata da maganin nan naku. In na koma hannu rabbana, ban san makomar aikina ba."

Ta goya Surajo yana jariri, kuma ta san albashinsa ne ke riƙe da gidan Iyatu. Maganin kuwa ga shi a ɗaki, an kawo na rabon shekara.

"Ɗana," ta ce, "ni tsutsar da ke kawo makantar rafi na san yana kashewa. Korona ban sani ba. Buɗe min mota mu je mu tambayi Sista Felicity."

Sista Felicity, ma'aikaciyar jinya a asibitin sha-ka-tafi, ta yi musu bayani dalla-dalla. An gwada maganin a ɗakin bincike, amma da yawan da jikin mutum ba zai ɗauka ba. A kan marasa lafiya babu tabbacin yana aiki, kuma wanda ya zarce ƙa'ida zai iya gamuwa da jiri, amai, har da jijjiga. Mai numfashi da ƙyar, in ji ta, iskar oksijin yake buƙata, yau ba gobe ba.

Magdalena ta ce wa Surajo ya kira mata uwar gidansa, ta karɓi wayar.

"Hajiya, ni ce mai maganin. Ba rowa nake miki ba. In na ba ki, za ku zauna kuna jiran ya yi aiki, numfashin maigida yana ta raguwa. Na taɓa zama ina kallon mahaifina yana shan wuya ban iya komai ba. Ke kina da abin yi. A kai shi asibiti."

 Sai Hajiya ta ce: "Ki ce masa ya juyo yanzu." Maigidan ya yi makonni a asibiti, ya fito da ƙafafunsa. Surajo har yau shi ke tuƙa shi, mutanen Yangoji kuma suka sha rabonsu cif.

Ba kowa ne ya tsaya tambaya ba. Manniru mai kiwon awaki ya ɗirka wa cikinsa ibamektin na dabbobi, wai rigakafi yake yi. Magdalena ce ta same shi yana tangaɗi yana ganin mutum bibbiyu, ta tsayar da ɗan acaɓa, ta ɗora Manniru, ta zauna a bayansa tana riƙe da shi har asibiti. Daga baya manyan gwaje-gwaje a ƙasashe da dama suka nuna maganin ba ya warkar da korona. Da Sista Felicity ta gaya mata, cewa kawai ta yi, "To, ya ci gaba da aikin da ya iya."

A walimar sallamarta makon jiya, Manniru ya miƙe ya gyara hula. "Jama'a, gaskiya maganin awaki yana aiki. Tsutsa ko ɗaya ba ta rage a cikina ba. Sai dai da Mama ba ta biyo ta hanyar ba, da ni ma ban rage ba." Wuri ya kaure da dariya, Magdalena na share hawaye da gefen zane.

Ke ce, Mama, garkuwar idanun Yangoji. Ke ce wadda tausayi bai sa ki miƙa abin da ba ki da tabbas a kansa ba, kuma ba ki sallami mai neman taimako haka nan ba, sai da kika raka shi inda taimakon yake. Jikokinki ba su taɓa ganin wanda rafi ya makantar ba sai a labari, kuma da sawunki a cikin wannan alheri.

Mun gode, Allah ya huta gajiya, ya ƙara wa gwiwa lafiya. Mu kuma da ke riƙe da waya, kafin mu tura wa ɗan'uwa labarin wani magani, mu tashi mu taka zuwa wurin wanda ya sani. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta taka, mu ba mu da uzuri.