Idan Dutse Ya Sa Baƙar Hula

A gidanmu na Kagoro ba a jin tatsuniya kyauta. Kaka Hannatu, uwar babana, ita ta kafa dokar: duk yaron da ke son zama gindin murhunta bayan tuwon acca, sai ya fara faɗin yadda ya ga sama a kan dutse kafin rana ta faɗi. Idan ka ce "akwai hadari" kawai, ta tsuke baki ta ce ko akuya ta san wannan. Wane irin hadari? Daga ina ya taso? Ya taɓa kan dutsen ko yana rataye? Yayana Ishaya, sarkin ƙwallo, bai taɓa ɗaga kai ba, sai ya ƙirƙiro nasa. Kaka ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta miƙa masa masara ta ce ya je bakin ƙofa ya gasa ta da ƙaryarsa. Ni kuwa, ba yabon kai ba, kusa da ƙafarta nake zama kullum, ina gasa tawa masarar a murhunta.

Da damina muke cika ɗakin girkin, hayaƙi na sa mu hawaye, kaji na gyangyaɗi a lungu. Hausar Kaka ta kasuwa ce, idan labari ya yi zafi sai ta zarce da yaren gida. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan, daga kan dutse ta gangaro." Mu ce ta iso lafiya.

Akwai guda ɗaya da ba ta gajiya da ita. Wai Dutse yana da 'ya mai suna Rafi, mai sanyin hali, ya aurar da ita a kwari. Kawunta Gajimare ɗan fatauci ne. In ya zo ziyara, sai ya zauna daram a kan Dutse kamar baƙar hula, ya kwance kayansa ya ce a kai wa Rafi tsaraba. Ita kuwa Rafi, murna ke gusar mata da hankali. Sai ta kwasa da gudu don ta nuna wa duniya, kuma a gudun nan ba ta gane kowa, ko wanda ya yi wanka a cikinta da safe. Wata rana yarinya Ladi ta taso daga gona za ta haye. Ƙaguwa ta leƙo ta ce mata ta fara duba kan Dutse. Ladi ta yi dariya, ta ce rana na dukan ƙeyarta, ruwa kuma iya idon sawu, me za ta tambayi tsoho? Tana tsakiya Rafi ta iso.

A nan Kaka ke tsayawa ta gyara itace. Mu yi ta ƙorafi, don a sauran tatsuniyoyi ko dodo ya haɗiye yarinya ana farka cikinsa ta fito.

"Wannan ba ta dawo ba tukuna," in ji ta. "Ku dai ku riƙa ɗaga kai."

Sai bayan mutuwarta mamata ta gaya mini Ladi ƙanwar Kaka ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma Kaka na tsaye a gaɓa ranar. Na yi kuka kamar a ranar aka yi rashin.

Da na yi ritaya daga koyarwa a Kafanchan na koma gida, 'yata Salomi ta saya mini waya mai kyamara. Ta yi zaton jikoki zan riƙa ɗauka. Ina! Sama na sa a gaba. Bakan gizo a kan gonar citta, zoben da ke kewaye rana, gajimare mai kama da audugar da aka yi wa shiɓa, hazon da ke kwanciya a ƙugun dutse da sassafe, duk na tara, ina turawa guruf ɗin iyali. Ishaya, da furfurarsa, ya laƙaba mini Hukumar Yanayi. Salomi ta ce na cika mata waya da hayaƙi. Ko a jikina.

Daminar bara Salomi ta bi matan zumunta na coci, da shugabarsu Maman Zumunta, zuwa barkar haihuwa a wani ƙauye da ke hayin rafin, da jaririnta a goye. Babu gada a wurin, ana sauka daga babur ne a taka. Da la'asar na fito kwashe shanya, na ɗaga kai yadda aka koya mini. Gari tas, rana na haske, amma Dutse ya sa hularsa, baƙa wuluk, ƙasanta kuma ya yi zare-zare, alamar ana zuba a can sama. Daga ƙauyen ba a ganin kan dutsen, tudu ya tare. Na ɗauki hoton na tura wa Salomi, na bi da kira. Ashe sun iso gaɓa a hanyar dawowa, har wasu sun tuɓe takalma.

Ta ce, "Mama, rana ake ƙwallawa a nan, ruwan ko gwiwa bai kai ba."

Na ce, "Salomi, buɗe hoton nan ki nuna wa Maman Zumunta. In kin sa ƙafa a ruwan nan, ban yafe ba."

Ban taɓa yi mata irin wannan magana ba, shi ya sa ta ji. Ina jiyo 'yan acaɓa na mita ta cikin waya, wata mata na cewa tuwon mijinta zai makara. Maman Zumunta ta kalli hoton ta ce kowa ya koma kan tudu, a yi waƙa ɗaya. Ba su kai ƙarshen waƙar ba Rafi ta iso, ja jawur, da kututturan itace a ka. A ƙauyen suka kwana.

Ishaya bai daina kirana Hukumar Yanayi ba, amma yanzu kafin ya shanya masara sai ya bugo. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Na fi jin daɗi saboda Kaka, wadda ba ta taɓa riƙe waya ba, amma ta shafe shekaru tana horar da idon jikarta da gasasshiyar masara.

Yanzu ni ke da murhun, dokar kuma tana nan, sai ka faɗi sama kafin ka zauna. Abu ɗaya na sauya. A bakina, Ladi tana jin maganar ƙaguwa, ta ɗaga kai, ta zauna a kan tudu har ruwa ya wuce. Tana isa gida a makare, yayarta na tsaye a ƙofa tana jiranta, ta ja kunnenta, sannan ta zuba mata tuwo.