Uwar Kaji da Na'urar da Ba Ta Son Ganin Hanji

Yayata ba ta taɓa neman shugabanci ba, shi ya same ta a bayan gidanta tana sharar akurki. Shekara tara ke nan tana kula da zauren masu kiwon kaji a wani babban dandalin intanet, kyauta. 'Yan zauren suka laƙaba mata Uwar Kaji, har mijinta ya ɗauka.

Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Kazarka ba lafiya? Ɗora hoton kashinta. In ta mutu, feɗe ta ka nuna hanji da hanta. Na sha tsokanar ta cewa mai cin abinci ba ya leƙa wayarta. Amma da wannan ƙazantar ta ceci kajin mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Sai zauren ya cika ya batse. Dubu uku suka koma dubu tamanin, rabinsu ko ƙwai ba su taɓa ɗauka ba: 'yan talla, masu zage-zage, masu gardamar ƙwallo. Kamfanin dandalin kuma ya sallami masu duba ƙorafi ya sa na'ura. Ita na'urar, a zagi uwar mutum bai dame ta ba. Hoton hanjin kaza ta tsana, wai zubar da jini ne. Abin haushi ba ya ƙarewa.

Wata malamar makaranta da ta yi ritaya ta zuba kaji ɗari huɗu, suka fara mutuwa. Ta ɗora hoto yadda doka ta ce. Yaya na gani ta gane cutar, ta amsa da nata hoton don kwatance. Na'ura ta goge duka biyun, ta dakatar da Yaya kwana bakwai. Amsar da ta rage ita ce ta wani mai tallan garin magani.

Na sami Yaya zaune kan bokiti, tana iya karanta saƙonnin zauren, ba ta iya rubutawa.

"Yaya, ki bar musu kayansu mana. Ba albashi, ba godiya."

"In bar wa wa? Kin ga abin da mai tallan nan yake ce wa malamar ta ba kajin? Maganin gaskiyar yana nan a kowane kanti, wallahi!"

Na shiga zauren da sunana don in isar da saƙon. Aka ce sabon shiga ba ya rubutu sai mai kula ta amince, mai kular kuwa ga ta kan bokiti. Sau biyar ta ɗaukaka ƙara, sau biyar na'ura ta gode mata.

Rana ta takwas aka buɗe ta. Ta tsallake zagi da talla har ta iso saƙon malamar.

"Uwar Kaji, an ce ke ba kya ƙyale mutum. Na jira ki. Saura goma sha ɗaya."