Goggo Mai Ruwan Kumfa

Shekara ashirin da biyu Goggo tana share sashenmu na lissafi, kuma duk wanda ya yi digiri a hannun Farfesan sashen ya ci albarkacin bokitinta. Ni ma haka.

Farfesa ya shafe shekarun aikinsa a kan auna abubuwan da ma'auni ya gaza: layi mai karye-karye, fili mai ƙuraje da ramuka. Tambayar da ya fi so ita ce, in ka lanƙwasa waya yadda ka ga dama, wace shimfiɗa ce mafi ƙarancin faɗi da za ta rufe ta? Mu sai mu cika allo uku muna gumi. Shi kuwa sai ya tsoma wayar a ruwan sabulu ya ɗaga, ga amsa tana sheƙi: fatar kumfar da ta rufe wayar. Ɗalibansa yanzu wasu na nazarin tsagewar ƙarfe, wasu hotunan asibiti, duk daga wannan tushe. Ruwan kuwa Goggo ke haɗawa, a ɗakin ajiyar tsintsiya, da ɗan sukari da wani abu da ba ta faɗa.

Da Farfesa ya yi ritaya, sabon shugaban sashe ya ce za a ba kamfani sharar, a sallami Goggo ƙarshen wata. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ƙaramin malami ne ni, sai na haɗiye.

Ana cikin haka aka kawo wani babban baƙo ya jarraba wata ɗalibarmu. Shugaba ya sayo sabulu mai ƙamshi ya haɗa ruwan da kansa. Yarinya ta tsoma waya ta ɗaga, kumfa ta fashe, fus. Ta sake, fus. Daktoci biyar a zaune, kowa ya iya tabbatar da cewa shimfiɗar nan dole ta samu, kuma babu wanda ya ɗaga kai ya ga fanka tana wulwulawa.

Goggo ta shigo da bokitinta ba wanda ya kira ta. Ta kashe fanka, ta rufe taga, ta riƙe hannun yarinyar ta ce ta ɗaga a hankali. Kumfa ta zauna daram. Baƙon ya tambaye ta, cikin wasa, me take gani.

"Fatun kumfar nan uku-uku suke haɗuwa, ranka ya daɗe. In ta huɗu ta shigo, sai su ture ta gefe. Ban taɓa ganin sun bar ta ba."

Baƙon ya ce an daɗe ana fama kafin a iya tabbatar da wannan a takarda. Ya tashi ya ba ta kujerarsa, ita kuwa ta ƙi zama, wai ba ta gama bene ba.

Maganar kamfani ta mutu a ranar. Da yamma shugaba ya leƙa ɗakin tsintsiya da biro, yana neman ta faɗa masa haɗin ya rubuta.

"Ba a rubuta shi, ɗana. Ka zo gobe da safe ka fara da wanke bokiti."

Ƙarfe bakwai na same shi a bakin famfo, ya naɗe hannun riga.