Ranar da Fim ɗin Baba Ya Fito Garau

Shekarun baya, lokacin ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Sharafiyya ta Jidda, ko aure ban yi ba, na taɓa ɓoye wa mahaifina wani faifan fim har sati biyu. A ƙasan akwatin kayan aikina na cusa shi, ina yawo da shi gida-gida kamar wanda ya ɗauko kayan sata.

Mahaifina ba a jirgin sama ya zo ƙasar nan ba. Yana saurayi suka taso daga Najeriya shi da yayansa, ta ƙasa, da niyyar aikin Hajji. Tafiyar ta ci su shekaru, domin duk inda guzuri ya ƙare sai su tsaya su yi aiki. A Sudan suka fi daɗewa, suna dako a kasuwa da bakin teku. A can ne Allah ya yi wa yayan nasa rasuwa, zazzaɓi na kwana uku, saura kaɗan su haye ruwa. Baba shi kaɗai ya ƙaraso Jidda. Ya sauke farali, ya zauna, ya auri mahaifiyata, aka haife mu. Maganar yayan nan ba ya yin ta. In ka tambaya sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya kawo wata hirar.

Hirar da yake so ita ce ta fim. Wai a zamansu na Sudan wasu Turawa sun zo ɗaukar fim, suka tara 'yan dako, suka ce kowa ya yi ta kai da kawo a kasuwa yadda ya saba, amma kada wanda ya kalli kyamara. Kwana biyu ana yi. Bayan shekaru masu yawa, da bidiyo ya shigo gari, Baba ya ci karo da kaset ɗin fim ɗin a wani shago. Ya saye shi tun ba mu mallaki abin kunna shi ba.

Kaset ɗin kwafi ne da aka kwafa daga wani kwafin. Hoton duk ya dusashe, kamar kana leƙe ta gilashin da aka shafa wa mai. In an zo wajen kasuwar, sai Baba ya miƙe ya ɗora yatsa a fuskar talabijin, daidai inda wani dishi-dishin mutum mai farar hula ke wucewa da buhu a kafaɗa, ya ce shi ne wannan. Ba ido, ba hanci, farar hula kawai. Duk baƙon da ya sauka gidanmu sai an nuna masa, har mahajjatan da suka zo a gajiye suna gyangyaɗi. Abokan majalisarsa suka laƙaba masa "jarumi". Ni kuwa ni ne shugaban masu tsokana. Na taɓa ce masa ai wancan raƙumin na baya ma ni ne. Ya bi ni da takalmi har ƙofar gida yana dariya.

A layinmu wani abokina yana da shagon sayar da fina-finai. Haifaffen Jidda ne kamar ni, Hausarsa rabi Larabci. Shi ya tare ni wata rana ya ce kamfanin nan mai fitar da tsofaffin fina-finai ya koma buga su a wani sabon faifai mai shuɗin kwali. Ya ce asalin zaren da aka ɗauki fim ɗin suke nemowa, su tsabtace shi, su goge duk wani ƙarce, hoto ya fito har kana iya ƙirga gashin gemun mutum. Shi dai canjin bai yi masa daɗi ba, domin sabon faifan ba ya shiga tsohuwar na'ura, kuma masu sayen tsofaffin fina-finai dattawa ne da ba sa son a taɓa musu abin da suka saba. Amma ya ga sunan fim ɗin Baba a jerin waɗanda aka fitar, shi ya sa ya neme ni.

Nan take na ce ya sa a kawo min. Bakina kuwa ba shi da linzami. A ranar, ana cikin cin abinci, na shelanta wa gida. Baba ya ajiye cokali ya ce alhamdulillahi, gaskiya za ta yi halinta. Washegari duk majalisa ta ji, har ya soma lissafa waɗanda zai gayyata, masu musu a sahun gaba.

Bayan wata guda faifan ya iso. Abokina ya kira ni bayan La'asar, ya janyo ƙofar shago rabi, ya kunna. Abin ya ba ni mamaki. Fim ɗin da na sani launin toka ashe launuka ne da shi. Ga shuɗin teku, ga jan barkono a faifayin 'yan kasuwa, ga gumi na tsiyaya a wuyan jakai. Muka tsallake zuwa wajen kasuwar. Sai ga mai farar hula ya fito da buhunsa, tangaran kamar zai sauko cikin shagon. Faffaɗar fuska gare shi, da wushirya, da wani tabo da ya raba masa gira biyu. Mahaifina siririyar fuska gare shi, ba wushirya, ba tabo.

Abokina ya tsayar da hoton, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Ya akhi, wannan ba Ammu ba ne. Wallahi ba shi ba ne."

Ammu yake kiran Baba, irin na Larabawa. Shekara da shekaru ina tsokanar mutumin nan, sai a ranar na gane ashe a zuciyata na yarda da shi. Na hango shi tsaye gaban abokansa da yatsa a sama, na hango dariyar da za a yi, irin wadda ba ta wasa ba. Na karɓi faifan na jefa a akwatin aiki, na ce wa abokina halas, magana ta ƙare, a ce wa Baba bai iso ba.

Ƙaryar da muka shirya ita ce 'yan kwastan sun riƙe shi. Ni na iya tawa, amma abokina bai iya ƙarya ba. Kullum Baba zai biya ta shagon a hanyarsa ta masallaci ya tambaya, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce gobe in sha Allah, yana goge kwalin da ba ƙura a kansa. Har Baba ya fara cewa zai nemi wani tsohon masaninsa da ya taɓa aiki a tashar jiragen ruwa ya sa baki.

Mahaifiyata ce ta kama ni. Na shigo da rana na same ta tana tsinkar ganyen mulukiya, wato lalo, ko ɗago kai ba ta yi ba ta tambaye ni me na gani a faifan. Na fara kame-kame, ta ce in zauna. Na faɗa mata komai. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta.

"Shekara arba'in ina zaune da mutumin nan ban taɓa kama shi da ƙarya ba," in ji ta. "In kuskure ya yi, kowa na yi. Kai ne kake neman mayar da shi abin tausayi. Ka kai masa abinsa."

Amma ta yi dabararta. Ta ce wa Baba bai kamata baƙi su riga iyali gani ba, don haka ranar Juma'a za a fara kallo a gidan yayata a unguwar Aziziyya, tunda su ke da babbar talabijin. 'Yan majalisa sai wani satin.

Ranar Juma'ar Baba bai cire kayan masallaci ba, har turare ya ƙara. Na aro na'urar abokina na haɗa, na sa waya a ramin da ba nata ba har sau biyu. Baba ya hana a tsallake komai, sai da muka kalli fim ɗin daga farko. Ni dai ban san me aka yi a ciki ba. Da aka zo kasuwar ya miƙe kamar yadda ya saba, ya nufi talabijin da yatsa a ɗage. Mai farar hula ya fito. Yatsan ya tsaya a iska. Na danna na tsayar da hoton.

Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya cire tabarau ya goge da bakin mayafinsa, ya mayar. Na buɗe baki na fara wani zance marar kai, wai shekaru sun ja, mutum kan manta. Mahaifiyata ta harare ni, na haɗiye sauran.

"Yaya ne," Baba ya faɗa, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Ku zo ku ga Yaya."

Ya zauna a ƙasa, nan gaban talabijin, da fararen kayansa. A hankali ya yi mana bayani. Hular kirki guda ɗaya suke da ita su biyu, karɓa-karɓa suke yi. Baba ne ya saka ta ranar farko, kuma abin da ya riƙe ke nan duk shekarun nan. Ashe na rana ta biyu aka saka a fim ɗin. Tabon girar ma ya ce shi ya yi masa, suna yara, da ƙotar fartanya, kuma yayan ya ce wa mahaifinsu faɗuwa ya yi don kada a doke shi. Ba su taɓa ɗaukar hoto ba. Ya ce ya fi shekara hamsin bai ga fuskar nan ba, har ta ɓace masa. Yakan zauna bayan sallah ya yi ta neman ta a ransa ba ta zuwa, kuma kunyar faɗin haka yake ji, shi ya sa ba ya maganarsa.

Ya ce in saki hoton. Taku huɗu ne kacal Baffa, yayan nasa, ya yi kafin ya fita. Ya ce in mayar. Na mayar ya fi sau goma. A takun ƙarshe Baffan yakan ɗan juya ya yi murmushi, har wushiryar ta fito. Mahaifiyata, da ke share ido da gefen gyale, ta tambaya wa yake yi wa wannan murmushin. Ta taso ta bi inda idonsa ya nufa, har can ƙarshen allon ta hannun dama, wajen da ni ban ko kalla ba a shago. Wani siririn saurayi ne tsaye, kai ba hula, kwando a kife a hannu, ya saki baki yana kallon kyamara ido cikin ido.

"Alhaji," ta ce, "waɗannan kunnuwan ko a filin Arfa zan gane su."

Dariya ta ƙwace wa yayata tana cikin kuka. Baba ya duba, ya sake dubawa, ya kama kunnensa ɗaya kamar mai gwadawa. Ni kuma, da ba na barin hali, na tuna masa ai an ce kada kowa ya kalli kyamara. Ya ce ai shi ya sa Yaya yake masa dariya. Daga baya abokina ya bayyana min cewa masu kaset sukan yanke gefe da gefen fim don ya cika tsohuwar talabijin. Wato duk shekarun nan Baba yana wajen da aka yanke.

Sati na gaba 'yan majalisa suka zo. Sun ga kunnuwa, sun yi tsokanarsu, amma Baba bai damu da nuna kansa ba. Labarin yayansa ya yi ta ba su har shayi ya huce: yadda ya goya shi a wani rafi, yadda yake raba gurasa ya ɗauki ƙaramin rabi ya ce ya ƙoshi. Mu ma a ranar muka fara jin su.

Abokina ya ciro hoton ya wanke mana manya guda biyu. Ɗaya muka ba wata mahajjaciya ta kai wa Gwaggo, yayarsu mace da ta rage a gida Najeriya, ta haura tamanin a lokacin. Da ya isa ta sa aka kira waya. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta fara yi wa Baba faɗa, wai dubi yadda suka rame su biyun, me ya hana su juyo gida tun da wuri. Baba, da furfurarsa, ya riƙe waya yana ta cewa ta yi haƙuri.

Na sha tunanin abin nan. Na ɗauka ina kare mahaifina ne, alhali na raina ƙarfinsa, kuma saura ƙiris in hana shi abin da ya fi buƙata a duniya. Tun daga nan, in na ji zuciyata na cewa in ɓoye wa wani gaskiya don tausayinsa, sai in tsaya in tambayi kaina ko tausayin kaina nake ji. Su kuma mutanen kamfanin nan, da suka zauna a wata ƙasa suna goge ƙarce a tsohon zaren fim, ba su san mu ba, ba za su taɓa sani ba. Ina sa su a addu'ar alheri duk da haka.

Baba ya rasu bayan shekara huɗu. Abokina ya koma sayar da wayoyi, ya bar min na'urar. Nakan kunna lokaci-lokaci, kasuwar kawai. Yanzu na girmi samarin nan biyu nesa ba kusa ba, Baffan da ke allon ya isa ya zama ɗana. Amma duk sa'ad da ya juyo da buhunsa, sai in ji na gyara zama, kamar yadda ake yi in babba ya shigo ɗaki.