Lasifikan Gajere Mai Cigiya

Duk Tanut an san yadda Tata mai fura ta kayar da Gajere mai cigiya a tsakiyar kasuwar dabbobi. Taubasai ne, tun suna yara ba sa raga wa juna. Ran nan ya kafe babur ɗinsa dab da ƙwaryarta, ya kunna ɗan lasifikansa yana shelar wani jaki da ya ɓata. Lasifikan ya tsufa, ba abin da ke fita sai wata shaƙaƙƙiyar murya kamar ta zakara mai mura.

"Kai, matsar min da wannan abu mai tari," in ji Tata. "Yana korar min masu saye."

"Na'ura ce, ina kika san darajarta?"

Tata ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta buɗe maƙogwaro ta yi shelar jakin da bakinta. Har mahauta a can ƙarshen kasuwa sai da suka waiwayo. Kafin ta zauna, ga wani Bafillace yana janye da jakin. Kasuwa ta kwashe da dariya, mai jaki kuma ya miƙa wa Tata tukuicin a gaban idon Gajere.

Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. In raƙumi ko saniya ta ɓata, mai ita ya zo ya faɗa masa kamanninta da shaidar wutar da ke jikinta, shi kuma ya bi kasuwanni da rijiyoyin Damargu yana shela har a dace da wanda ya gani. Da ƙafa ya fara, ya koma jaki, daga baya ya sayo wani ƙaton babur na dogon zango a Agadas, mai akwatuna dama da hagu, wanda in zai tsaya sai ya nemi tudu kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Mutum ne mai amana, wannan ba a ja. Amma a yi masa dariya ya haɗiye, Allah bai ba shi wannan ba.

Daga kasuwa bai zarce ko'ina ba sai rumfar Sabi'u bakanike. Ya sa aka cusa manyan lasifika biyu irin na masu kiɗan biki a cikin akwatunan, aka ɗaura na uku a goshin babur, aka ɓoye ampili mai ƙara musu ƙarfi a ƙarƙashin sirdi. Aka naɗi muryarsa a kati, yadda za ta yi ta maimaita kanta ba hutu.

"Baba Gajere, batirin nan ba zai ɗauka ba fa," in ji Sabi'u.

"Batir ɗinka ne? Ɗaura."

Da aka gwada, sai da kajin unguwa suka haura katanga.

Aikin farko da ya faɗo na Attahir ne, wani makiyayi daga arewacin Belbeji. Taguwarsa ce ta ɓata, raƙuma mai tsohon ciki, ita kaɗai fari ya bar masa, nononta iyalinsa ke jira. In ta haihu ita kaɗai a daji, diloli ba za su bar ɗan ba. Gajere ya daki ƙirji ya ce ya ɗauka an gan ta.

Ya hau ya nufi Ollelewa, muryarsa na gaba yana binta a baya. A wata rijiya mata suka yi ta kaɗa masa mayafi, maza suka saki guga suka biyo shi da gudu. Mutumin naku ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara, ya ƙara wuta. Ya je Falanko ya cika musu kunne, washegari ya dawo ta rijiyar nan. Aka sake biyo shi, ya sake ɗaga hannu, har da murmushi. To, mai cigiya da ba ya jin amsa, me ya fito yi?

Batir ne ya ji tausayin Attahir. Kaɗan da wuce rijiyar ya mutu, babur ya yi tari ya tsaya, duniya ta yi tsit. Sai ga wani dattijo yana haki.

"Bawan Allah, kurma ne kai? Tun jiya muke kiranka. Ga taguwar can a gindin aduwa, mun ɗaure ta. Har ta haihu."

Gajere ya buga wa Attahir waya. Da Attahir ya iso ya durƙusa ya shafa jaririn raƙumin, ya yi wa mutanen rijiya godiya, sannan ya zagaya babur ɗin a hankali yana duban akwatunan.

"Malam Gajere," ya ce, "baki na gani har uku. Ina kunnen?"

A kan amalanken shanu babur ya koma Tanut, mai shi na zaune a kai kamar buhun gero. Ya sa Sabi'u ya cire lasifika biyu, ya sa masa makashi dab da babban yatsa. Yanzu in ya isa rijiya sai ya yi shela sau ɗaya, ya kashe, ya sauke rawani daga kunne ya jira.

Tata kuwa ta samu abin yi. Ranar kasuwa ta tare shi a gaban mutane.

"Taubashi, an ce ka kashe dukiya ka sayo abin da za ka riƙa kashewa. Ni nawa kyauta Allah ya ba ni, ba batir, ba bakanike, bai taɓa barina a daji ba."

Gajere ya latsa makashin, lasifika ya yi shiru. Ya nuna mata yatsan.

"Gaskiyarki, Tata. Amma ni na samu inda ake kashe nawa. Naki tun ranar aure mijinki ke lalube, har ya yi furfura bai samu ba."