Wasiƙar da Hajiya Ta Ƙi Nunawa

Na manta shirye-shirye da yawa da na gabatar a shekarun da na yi ina aikin rediyo, har akwai waɗanda idan aka kunna mini ba zan gane ni na rubuta su ba. Amma yadda aka kashe Hajiyar da muke shirin zamantakewar aure da ita a Funtua, wannan kam ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah, domin da hannuna a cikin abin da ya jawo shi.

Ungozoma ce ta asibiti kafin ta yi ritaya. Ta sha gaya mini cewa a ɗakin awo ta koyi aikin, don mace ba ta iya gaya wa uwarta abin da take gaya wa ungozoma. Bayan rasuwar mijinta ta je ta yi kwas na ba da shawara ga ma'aurata, ta dawo ta gyara ɗakin da ke kusa da zaurenta, ta sa kujeru uku da labule. Mata suna zuwa da hantsi. Maza kuwa sai bayan La'asar, kuma kusan kowanne da abokinsa yake farawa.

"Hajiya, wani abokina ne ke da 'yar matsala."

"To, Alhaji, zauna. Abokin naka yaushe rabonsa da gwajin suga?"

Ba ta sayar da maganin mata ko na maza, shi ya sa masu tallar su a kasuwa ba sa ƙaunarta. Magana take yi ƙarara kan abin da ke faruwa, ko ya daina faruwa, tsakanin miji da mata a ɗaki, cikin lafazin da ba zai sa dattijo ya kashe rediyo ba. Da yawa daga masu zuwa wurinta asibiti take tura su.

Aikina a shirin shi ne wasiƙu. Ana aiko su a takarda ko ta waya, ita ke karɓa ta adana a akwatin ƙarfe da ke ɗakinta. Ni kuma in sake rubuta su don kada a gane mai su: in cire suna, in canza gari, in canza sana'a, in ƙara ko in rage yawan 'ya'ya. Ina alfahari da wannan aikin. Ina ganin wasiƙa ba ta shiga kunnen mai sauraro sai an ba ta gari da sana'a, don haka duk abin da na cire sai na maye gurbinsa da wani. Hajiya ma Sarkin Gyara take kirana.

Wata kaka, lokacin da masara ta bushe ana ta kwasa daga gonaki, wasiƙa ta zo daga matar wani malamin makaranta a Malumfashi. Ta ce shekara guda ke nan mijinta bai kusance ta ba, ya koma kwana a falo, ba ta san ko tsanar ta ya yi ba ko rashin lafiya ce. A makon na bi hanyar Maska a babur, na ga ana casar masara da inji a bakin hanya, ƙura na tashi, mata na tara buhuna. Hoton ya zauna mini. Da na zo gyara sai na rubuta cewa wasiƙar daga matar wani mai injin casar masara ce a wani ƙauye kan hanyar Maska, mai 'ya'ya huɗu. Daga kaina na ƙirƙiro shi gaba ɗaya.

Ranar Alhamis, ranar shirinmu, na karanta, Hajiya ta amsa yadda ta saba: kada matar ta ɗauka ƙiyayya ce, kunya ce ke korar maza da yawa zuwa falo, a lallaɓa shi ya je a duba jininsa. Da muka fito daga ɗakin watsa shiri sai ta tsaya tana gyara mayafi.

"Sarkin Gyara, masu injin casa nawa ne a hanyar Maska?"

"Ban ƙirga ba, Hajiya. Ai ban faɗi sunan ƙauyen ba."

"Ba sai ka faɗa ba. Mutanen can sun ƙirga."

Ta so a mako na gaba mu sanar cewa gari da sana'ar da ake ji a wasiƙu duk ƙirƙira ce. Na ƙi. Na ce idan masu sauraro suka ji haka za su ɗauka wasiƙun ma ƙarya ne, kuma maganar za ta mutu da kanta. A lokacin na ɗauka hujja ce ta aiki. Yanzu na san ba na so ne a ce gyarana ya yi kuskure.

Bayan mako biyu wata mata ta zo wurin Hajiya da goyo. Mijinta ne kaɗai mai injin casa a ƙauyensu, kuma 'ya'yansu huɗu. Tun ranar shirin ba a bar shi ya huta ba. Idan ya zo wucewa ta majalisa sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Maigida, inji na aiki kuwa?" a fashe da dariya. Masu kawo masa masara ma sai sun yi murmushi kafin su sauke buhu. Ya daina zuwa jam'i. Ya rantse ita ta kai sirrin ɗakinsu rediyo, ya ce ta tafi gidansu. Matar ta ce ko rubutun boko ba ta iya ba, kuma lafiyar mijinta ƙalau.

Hajiya ta kira ni a waya, muryarta ba fushi. Ta ce, "Alhamis za ka karanta gyaran kuskuren nan da bakinka, kafin komai." Na ce to. Na rubuta shi a ranar, layi biyar, na ajiye a aljihun tebur.

Ranar Talata, bayan Azahar, mutumin ya zo. Ƙanwar Hajiya, wadda ke zaune da ita a gidan, tana bayan labule, ita ta ba mu labari daga baya. Ya yi sallama, ya ƙi zama. Hajiya ta ce masa matarsa ba ta aiko da komai ba, wasiƙar daga wani gari ce dabam, kuskuren gidan rediyo ne, jibi za a faɗa wa duniya.

"Idan gaskiya ne, Hajiya, nuna mini takardar."

"Ba zan nuna maka ba, ɗana. Akwai sunan matar wani a ciki."

"Ni nawa sunan fa? Kin san abin da ake kirana a garinmu?"

"Na sani, kuma an zalunce ka. Amma ba zan cire ka daga wuta in jefa wata ba."

Akwatin na nan kusa da ƙafarta, makullin na ɗaure a bakin zanenta. Ya sake tambaya sau biyu, ta ba shi amsa iri ɗaya. Sai ya zaro sifanar injinsa daga aljihun riga ya buga mata a ka. Kafin a isa asibiti da ita ta cika. Bai gudu ba. A bakin zaure 'yan sanda suka same shi zaune, yana riƙe da hularsa. Shari'a ta yi aikinta, har yau yana gidan yari. Ban taɓa jin ya ambaci sunana ba, don bai san akwai mai gyara wasiƙu ba.

An yi jana'izarta washegari da safe. Maza sun cika layi, kuma na lura da yawa ba sa kallon juna. Ranar Alhamis na shiga ɗakin watsa shiri ni kaɗai, kujerarta babu kowa, na karanta layi biyar ɗin nan kamar yadda ta ce, kafin komai. Bai kai minti ɗaya ba. Ƙanwarta kuma ta ƙone abin da ke cikin akwatin ba tare da ta karanta ba, kamar yadda Hajiya ta bar mata wasiyya tun da daɗewa.

Wata uku bayan haka saƙo ya shigo wayar shirin daga Malumfashi. Matar malamin ce. Ta ce mijinta ya yarda ya je asibiti, ciwon suga ne, yana shan magani, ya dawo ɗaki. Ta yi wa Hajiya addu'a. Ba ta san komai ba game da abin da takardarta ta jawo, ni kuma ban gaya mata ba.

Na ci gaba da aiki shekaru bayan nan, ina gyara wasiƙun wasu shirye-shirye. Abin da na koya shi ne, a garuruwanmu ba a ƙirƙirar mutum. Duk sana'ar da ka ambata da duk hanyar da ka kira, akwai wanda ke tsaye a wurin da matarsa da 'ya'yansa, kuma maƙwabta za su gane shi kafin ka rufe baki. Tun daga lokacin cirewa kawai nake yi, ba na ƙarawa, ko da wasiƙar za ta fito ba armashi. Kuma idan na yi kuskure a iska, a shirin da ke biye nake gyara shi, ba na jira maganar ta mutu da kanta.